Gyaran tsofaffin masallatan Adar: a ƙara gini, kada a rushe

A jahar Tawa, tun daga Barmu har zuwa Illela, mutane suna ƙaruwa, tsofaffin masallatai kuwa ba su ɗaukarsu duka ranar Juma'a. Idan ƴan ci-rani suka aiko da kuɗi, shawarar da aka fi saurin yankewa ita ce a rushe ginin ƙasa, a tada na siminti da kwano. Wannan shawara tana bukatar a sake dubawa, domin abin da aka rushe ba ya dawowa.

Masallacin Yama ya isa misali. Alhaji Falke Barmu, magini, shi ne ya gina shi a 1962 tare da mutanen gari. A 1975, da rufi ya bukaci gyara, bai rushe bango ba: ya ɗora sabon rufi bisa bakan gizo, ya ƙara tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tada hasumiya huɗu a kusurwoyi. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Ashe ƙari ba ya ɓata tsohon gini, muddin yana hannun wanda ya san shi.

A Dandaji an bi wata hanya. Da masallacin ya tsufa, ba a kayar da shi ba. An gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin jar ƙasa da aka matse. Mariam Kamara, ɗiyar ƙasarmu, da Yasaman Esmaili su ne suka tsara aikin, aka kammala a 2018.

Hukuma ma tana da nata rabo. Dokar 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa gwamnati kiyaye kayan tarihi na ƙasa, kuma tun 2006 masallatan ƙasa na jahar Tawa suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Amma doka ba ta yin yaɓe. Abin da ke kashe bango shi ne ruwa: indararo ya karye, damina ta ci gindin gini. Yaɓen siminti kuwa yana tsare laima a ciki, bangon ya ruɓe ba a gani ba. Dutsin da Allah ya wadata Adar da shi, a tushe yake da amfani, inda yake raba bango da ruwa.

Saboda haka ya kamata magadan gari da sarakuna su kira tsofaffin magina kafin a taɓa kowane gini, a farfaɗo da gayyar yaɓe kafin damina, a kuma sa samari su koyi sana'ar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah shi ba mu ikon riƙe amana.