Baƙon da Aka Tsare, Wa Zai Tsaya Masa?

Hausawa kan ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. To, ina ga baƙon da aka kulle cikin ɗaki, aka miƙa masa takarda cikin harshen da bai iya karantawa ba, aka shaida masa cewa jirgin da zai mayar da shi ƙasarsu yana nan tafe? Wannan mutum ba shi da dangi kusa, ba shi da kuɗi, lokaci kuma ya ƙure masa. Abin da ya rage masa shi ne ya samu wanda ya san doka, ya yarda ya tsaya masa gaban alƙali. Sau da yawa mai tsayawar matashi ne ko matashiya da ba su jima da gama karatun shari'a ba. Aikin waɗannan matasa ya cancanci a dube shi da idon basira, zama akwai darasi cikinsa ga magabata da talakawa baki ɗaya.

Abin da ya faru a Marsai

A tashar jiragen ruwa ta birnin Marsai, cikin ƙasar Faransa, akwai wani ɗakin ajiyar kaya da ake kira Arenc. Tun shekara ta 1963 ƴan sanda suka riƙa kulle baƙi cikinsa kafin a sa su jirgi, yawancinsu ƴan Aljeriya. Babu wata doka da ta ba da hurumin wannan tsarewa, babu alƙalin da ke ganin mutanen, jama'ar gari ma ba su san da wurin ba. Haka aka yi shekara 12.

Cikin watan Afrilu na 1975 wani lauya mai suna Sixte Ugolini ya nemi wani ɗan Maroko da yake karewa ya rasa, bayan da mutumin ya amsa kiran ƴan sanda. Lauyan bai yi shiru ba. Ya kira ƴan jarida, aka bi sawu, sai ga asirin Arenc ya tonu. Surutu ya yi yawa har ya zama dole gwamnati ta sa wa abin ƙa'ida. Dokar 29 ga Oktoba 1981 ta ce ana iya tsare baƙon da za a kora, amma kada a wuce kwana 7, kuma sai alƙali ya duba. Cikin 1984 aka bai wa ƙungiyar Cimade, wadda aka kafa tun 1939, izinin shiga gidajen tsarewa domin taimakon mutanen da ke ciki. Daga 2010 wasu ƙungiyoyi suka shigo aka raba aikin da su.

Lauya guda da ya ƙi barin maganar mutum guda shi ya jawo duk wannan. Sai dai kokowar ba ta ƙare ba, don kuwa an yi ta ƙara wa'adin tsarewa: kwana 12 a 1998, kwana 32 a 2003, kwana 45 a 2011, sannan dokar 2018 ta kai shi kwana 90. Mutumin da bai yi sata ba, bai yi kisa ba, yana iya share wata uku a kulle saboda rashin takardar zama.

Yadda aikin yake

A cikin gidajen nan matasa masu ilimin shari'a ne suka fi yawa a ofisoshin ƙungiyoyin, kuma sabbin lauyoyi, waɗanda jama'a suka fi sani da aboka, su suka fi karɓar zaman jiran ƙarar baƙi a kotu. Babban abokin gabansu shi ne agogo. Wanda prefe ya ba takardar kora, aka kuma tsare shi, awa 48 kawai gare shi ya shigar da ƙara kotun da ke duba hukuncin ma'aikatun gwamnati. In ya shigar cikin lokaci, ba a sa shi jirgi sai alƙali ya yanke. In awa 48 ta cika bai shigar ba, ƙofa ta rufe, komai gaskiyarsa.

Cikin wannan ɗan lokaci sai matashin lauya ya nemo tafinta, ya zauna da mutumin da tsoro ya hana shi barci, ya tambaye shi tarihinsa daki daki. Yaushe ya shigo? Yana da mata ko ƴaƴa a ƙasar? Yana da ciwon da ba a samun maganinsa a gida? Akwai abin da yake tsoro in an mayar da shi? Sannan ya yi ta kiran dangi da abokai ta waya su kawo shaida: takardar haihuwar ɗa, takardar lakwal, takardar albashi, takardar likita, rasiɗin kuɗin haya. Mutum yana iya yin shekara goma a gari, amma in babu takarda gaban alƙali, kamar jiya ya sauka.

Bayan haka sai ya duba yadda aka yi kamun. Shin akwai dalilin da doka ta yarda da shi na tsayar da mutumin bisa hanya? An karanta masa haƙƙoƙinsa cikin harshen da yake ji? An kai shi gaban alƙali kafin wa'adi ya wuce? In hukuma ta taka ƙa'ida ɗaya mai nauyi, alƙali yana iya ba da umarnin a sake shi. Rahotannin da ƙungiyoyin ke fitarwa kowace shekara sun nuna cewa, a shekarun baya-bayan nan, waɗanda ake kora daga gidajen tsarewa na cikin Faransa kanta, ban da yankunanta na ƙetare, ba su kai rabin waɗanda aka kulle ba. Da yawa alƙalai ne ke sakin su. Wasu kuma ofishin jakadancin ƙasarsu ne bai ba da takardar wucewa ba har wa'adi ya cika.

Masu suka da amsarsu

Akwai masu cewa kowace ƙasa tana da ikon zaɓar wanda zai zauna cikinta, saboda haka lauyan baƙin haure mai kawo cikas ne ga aikin hukuma. Rabin farko na maganar gaskiya ne, babu mai musu. Amma iko daban, yadda ake aiki da shi daban. Lauya ba ya buɗe iyaka, ba ya ba da biza. Abin da yake roƙo shi ne hukuma ta bi dokar da ita da kanta ta rubuta. In an bi doka, alƙali ya tabbatar da kora, mutum ya tafi, to, an yi shari'a. In ba a bi ba, laifin ba na lauya ba ne. Ma'aikacin da ya san za a duba aikinsa ya fi kiyaye hannunsa, kuma wannan riba ce ga gwamnati.

Akwai kuma kuskuren da ba ya gyaruwa. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa gobe. Wanda aka mayar wurin da ake neman ransa fa? Saboda haka ne yarjejeniyar Janeba ta 1951, a ayarta ta 33, ta hana a mayar da ɗan gudun hijira inda rayuwarsa ko ƴancinsa ke cikin haɗari. Amma yarjejeniya ba ta da baki. Sai an samu wanda zai tashi ya faɗa wa alƙali cewa wannan mutum yana cikin waɗanda ayar ta ambata. Ranar 18 ga Oktoba 1986, lokacin da Pasqua ke ministan cikin gida, an zuba ƴan Mali 101 cikin jirgi guda aka kai su Bamako. Irin wannan kora ta taro ba ta barin zarafin a saurari kowa shi kaɗai.

Masu suka na biyu iyaye ne da abokan arziki. Suna cewa yaro ya sha wahalar karatu, ga shi zai ƙare a aikin da ba ya kawo dukiya, alhali takwarorinsa suna kare bankuna da manyan ƴan kasuwa. Ba ƙarya suka yi ba. Abin da gwamnati ke biyan lauyan talaka kaɗan ne, gajiya tana da yawa, kuma akwai ranar da lauya zai zo da safe da takardun da ya kwana yana haɗawa, ya tarar an tafi da mutuminsa filin jirgi tun asuba. Da yawa sukan bar aikin bayan ƴan shekaru. Amma babu makarantar da ke koya wa sabon lauya abin da wannan aiki ke koya masa: tsayawa gaban alƙali kusan kullum, karanta takardun shari'a cikin gaggawa, sauraron mutum har a rarrabe gaskiya da ruɗewa. Maganin ƙarancin lada shi ne a kyautata ladan.

Abin ya shafi gida

Kada a ɗauka wannan labarin Turai ne kurum. Cikin Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Cikin Janairu 1983 Najeriya ta yi haka, mutane fiye da miliyan 1 suka kama hanya. Duka biyun akwai ƴan Nijar ciki, kuma a Maraɗi da Tawa da Damagaram akwai gidajen da ba su manta da yadda iyayensu suka komo hannu wofi ba, sun bar shaguna da dabbobi da bashin da suke bin mutane. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda aka amince da ita a Nairobi cikin 1981, ta fara aiki cikin 1986, ta haramta korar baƙi a taro, ta kuma ce wanda ya shigo ƙasa bisa ƙa'ida ba a korarsa sai da hukuncin da ya dace da doka.

Duk da haka, tun 2014 motoci ke sauke mutanen da aka koro daga Aljeriya a iyakar Asamaka. Wasu ana ajiye su cikin rairayi, wajen kilomita 15 daga garin, su ƙarasa a ƙasa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 cikin shekara ta 2024 kaɗai, ƴan Nijar da ƴan wasu ƙasashe. Galibinsu ba su ga alƙali ba, balle lauya.

Nijar kuma ƙasa ce mai karɓar baƙi, mai kuma tsare wasu. Cikin Janairu 2025 magabata sun fitar da sabuwar doka dangance da shiga da zaman baƙi. Ƙasar da ke neman a yi wa ƴaƴanta adalci a ƙetare, ƙarfin bakinta yana ga yadda take yi wa baƙon da ke hannunta. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali kan shafa wa nasa ruwa.

Kayan aikin suna nan. Cikin 2011 aka kafa hukumar ƙasa mai taimakon marasa ƙarfi a fannin shari'a, wato ANAJJ. Jami'ar Yamai da ta Tawa suna yaye matasa masu ilimin doka kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Amma kusan duk lauyoyin ƙasar a Yamai suke, alhali baƙi suna can Agadas da Arlit da Asamaka.

Saboda haka ya kamata ma'aikatar shari'a da ƙungiyar lauyoyi su haɗa kai su riƙa tura sabbin lauyoyi jihohi na wani wa'adi, da lada mai mutunci da ake biya kan lokaci, ƙarƙashin kulawar wani babba cikin sana'ar. Ya kamata duk baƙon da aka tsare a komisariya ko wajen jandarma domin kora a shaida masa dalili cikin harshen da yake ji, a ba shi zarafin ganin mai ba shi shawara kafin mota ta tashi. Ya kamata ofisoshin jakadancin Nijar su san lauyoyi da ƙungiyoyin da ke wannan aiki a ƙasashen da ƴan ci-rani suka fi yawa. Su kuma masu shirin tafiya su riƙe takardunsu da kyau, su bar kwafi gida, kada su sa hannu bisa takardar da ba a fassara masu ba. Wanda ya yi karatun manya ya riga ya san amfanin wannan, sai ya faɗakar da na kusa da shi.

Matashin da ya zaɓi wannan hanya ba zai gina bene da wuri ba, amma duk ranar da alƙali ya ce a buɗe ƙofa, akwai uwa ko mata ko ɗa a wani ƙauye mai nisa da za su kwana da farin ciki. Allah shi taimaki mai tsaya wa marar gata.