Mun Kulle Ɓarawo, Mun Buɗe Wa Sauro

Ku zaga sababbin unguwannin Argungu da na Birnin Kebbi ku sha kallon ƙofofi. Get na ƙarfe mai nauyi, an shafe shi da fenti ruwan zinare, katanga ta yi tsawo har an ɗora mata waya mai ƙaya. To ku yi sallama ku shiga, ku dubi tagar ɗakin yara. Raga ta yage tun daminar bara, an cusa tsumma a wannan gefe, an manna leda a wancan. In ka tambayi maigidan, amsar ɗaya ce: "Ai na kira yaron nan, bai zo ba."

"Yaron nan" kuwa sau da yawa magidanci ne, wani har da furfura. Kafinta ne ko mai walda, mai cin gashin kansa, wanda jarinsa bai wuce guduma da zarto da wayar da muke kiransa da ita ba. Shi muke ba aikin raga da kuba da sakata, shi ne kuma muka fi rainawa cikin duk masu aikin gini. Ra'ayinmu a nan shi ne, rainin nan kanmu yake komawa, kuma 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗinsa.

A binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021, an gwada jinin yara 'yan wata 6 zuwa 59. A Najeriya baki ɗaya an sami cutar a jikin 22 cikin 100. A Legas bai kai 3 ba. A Kebbi 49, babu jihar da ta kai mu. Ba banza ba da aka fara allurar rigakafin cutar a watan Disamba na 2024 aka soma da Kebbi da Bayelsa. Fadamar da ke ba mu shinkafa da kifi ita ke ba mu sauro, noman rani kuma ya sa ruwa ba ya yankewa. Ba za mu bar fadama ba, ita ce abincinmu. Taga dai muna iya rufe ta.

Wani zai ce ai akwai gidan sauro. Akwai, kuma a ci gaba da shiga. Amma daga magariba zuwa kwanciya, lokacin da yaro ke cin tuwo yana tilawa, wa ke cikin gidan sauro? A Gambiya, a yankin Farafenni, an yi gwajin da aka buga sakamakonsa a 2009: gidajen da aka sa wa raga a taga da ƙofa, aka kuma toshe kafofin da ke tsakanin bango da rufi, sauron da ke shiga cikinsu ya ragu da kashi 59 cikin 100, ƙarancin jini a jikin yaran gidajen ma ya ragu. Gaskiya ne da bazara tsakar gida muke kwana, can raga ba ta da ta cewa. Da damina kuwa, sa'ad da sauro ke cin kasuwarsa, ɗaki muke.

To yaya muke ciniki da mutumin da wannan aiki ke hannunsa? Ya zo ya auna, ya faɗi kuɗi. Mu daka tsalle.

"Haba malam, ragar taga huɗu ce fa, ba rufin gida ba!"

"Alhaji, kaya sun tashi."

"A dai yi maneji."

Sai a yanke jimla guda, kuɗin kaya da ladan aiki a dunƙule, mu koma ciki muna murna mun iya ciniki. Nan ɓarnar take. Mutumin da aka ba dunƙulallen kuɗi, aka kuma zaftare rabi, daga ina abincin gidansa zai fito in ba daga kayan ba? Zai sayo raga mafi araha, wadda rana ɗaya ta bazarar Argungu ke busarwa har ta riƙa karyewa kamar ƙosai ya kwana. Zai sa ɗanyen katako, ya bushe ya lanƙwashe ya bar kafa. Inda ake buƙatar ƙusa goma ya buga huɗu. Mu muka tsara cinikin ta yadda gaskiya za ta zame masa asara, sannan mu zauna a majalisa muna cewa masu aikin hannu ba su da amana.

Ba wanke su muke yi ba. Mun sha ba da kafin alƙalami mutum ya ɓace, waya a kashe, in an haɗu a masallaci ya ce "gobe in Allah ya yarda", goben da ba ta wayewa. Akwai irinsu, kuma ba kaɗan ba. Sai dai mu tambayi kanmu yadda muka same su. Ba mu taɓa zuwa mun ga aikin da mutum ya yi shekara biyu baya ba. Ƙanin abokin wane ne, ko ɗan unguwarmu, shi ke nan. In ya ɓata aiki kunya ta hana mu magana, in ya gyara kuma mu riƙe masa cikon kuɗinsa wata uku, wai ai na gida ne. Mai hannu mai kyau da ya sha wannan sau biyu sai ya daina ɗaga wayarmu, ya bar mu da wanda ba shi da wani zaɓi.

Maganar kuba ta fi ban mamaki. Mutumin da ba mu yarda da shi a kan canjin ƙusa ba, shi muke aika kasuwa shi kaɗai ya sayo kubar ɗakin da muke ajiye takardun fili da zinaren uwargida. Makulli nawa ta zo da su? Ba mu ƙirga ba. Mu tare a gidan haya, mu ci gaba da amfani da kubar da masu haya uku suka riƙe kafin mu. Ga kuba mai tsada a jikin ƙyauren da gara ta cinye. Jikokin Kanta ke nan, wanda ganuwarsa ta Surame har yau ake zuwa kallo.

Gyaran ba ya buƙatar gwamnati. A raba kuɗin kaya da ladan aiki. A tafi kasuwa tare da shi, a zaɓi raga da katako busasshe da ido, a buɗe kwalin kuba a gaban maigida a ƙirga makullai. Ladan hannunsa a bar masa yadda ya faɗa in bai wuce hankali ba, a rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai ko da a saƙon WhatsApp ne, da ranar gamawa. Ranar da ya gama, bayan magariba, mutum ɗaya ya shiga ɗaki ya kunna tocila ya bi gefen taga da ƙasan ƙofa, ɗaya ya tsaya waje. Duk inda haske ya ɓullo ta gefen katako, ta nan sauro zai shiga, a toshe kafin ya tafi. In babu, a cika masa kuɗinsa a daren, a kuma ce masa ya dawo cikin watan Mayu ya duba ragar kafin ruwa ya sauka.