Sharhi: Yadda kuɗin mawaƙa ya maƙale a rugujewar PledgeMusic

A ranar 31 ga Yulin 2019 wata babbar kotu a Landan ta ba da umarnin rufe kamfanin PledgeMusic, shekara goma bayan mawaƙi Benji Rogers da abokansa sun kafa shi. Bashin da kamfanin ya bari ya haura fam miliyan 7, kuma jami'in gwamnatin da aka ɗora wa tattara kadarorinsa ya shaida wa masu bin bashi cewa da wuya su samu ko da kwabo.

Kasuwancin PledgeMusic bai da sarƙaƙiya. Mawaƙi zai sanar a shafin cewa yana shirin fitar da sabon kundi, masoyansa su biya tun kafin a kammala aikin: wani ya sayi faifai, wani riga, wani kwafi mai ɗauke da sa hannun mawaƙin. Kamfanin ya karɓi kuɗin, ya cire ladansa na kashi 15 cikin 100, ya miƙa sauran. Aikinsa dai kamar na uwar adashi ne, riƙon amanar abin da ba nata ba.

A nan ne gizo yake saƙa. Ba a ware kuɗin masu saye a wani asusun amana da kamfanin ba zai iya taɓawa ba. Da kuɗin gudanarwa suka fi ladan da ke shigowa, babu shingen da ya hana abin da aka tara wa mawaƙa narkewa cikin hidimar kamfani. Tun a 2018 aka fara ƙorafin jinkirin biya, a farkon 2019 kuma ƙungiyoyin waƙa irin su Fastball da ohGr suka fito fili suka ce an riƙe musu kuɗi. A Fabrairu kamfanin ya dakatar da karɓar kuɗi, ya shiga neman mai saye, bai samu ba.

Da maganar ta je gaban doka, mawaƙan suka tsinci kansu a layin masu bin bashi marasa jingina, wato waɗanda ake biya bayan kowa, alhali da sunansu aka tara kuɗin. Wasu masoyan da suka biya da katin banki sun iya neman a mayar musu da nasu. Mawaƙi ba shi da wannan mafita, ga shi kuma shi masoya suka sani, ba kamfani ba. Shi ya sa wasu suka buga faifai, suka biya kuɗin aikawa daga aljihunsu domin kare mutuncinsu, asara biyu ke nan a ciniki ɗaya.

Ƙungiyar UK Music, mai magana da yawun masana'antar waƙa a Birtaniya, ta nemi gwamnati ta miƙa lamarin ga hukumar kula da gasa da kasuwanni domin bincike. Kiran ya dace, sai dai ya zo bayan asusun ya riga ya bushe.