Lafiya Uwar Jiki: Ciwo Ɗaya, Ƙofa Goma

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa Korona ta daina zama annobar gaggawa. Sai dai akwai bayin Allah da ƙwayar cutar ta saki, amma wahalarta ba ta sake su ba.

Tun watan Oktoba na 2021 OMS ta fayyace wannan ciwo: alamomin da ke tare da mutum wata 3 bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata 2, ba kuma wata cuta daban ce ta haddasa su ba. Manyansu su ne kasala mai nauyi, sarƙewar numfashi da mantuwa. Ɗan kasuwa lissafi ya riƙa kuɓuce masa, ma'aikaci ya kasa kai azahar a kujerarsa.

Likitan zuciya ya duba, ya ce lafiya lau. Na huhu ma haka. Kowace ƙofa da kuɗinta da takardar maganinta, ba kuma mai karanta abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Ƙarshenta a gida a ce son jiki ne, ko sammu.

Shi ya sa a ƙarshen 2020 Ingila ta buɗe cibiyoyi na musamman, inda likita, mai gashin ƙashi, masanin numfashi da masanin halayyar ɗan Adam ke haɗuwa a kan majinyaci guda. A 2021 Amurka ta ƙaddamar da binciken RECOVER da dala miliyar 1 da miliyan 150, majinyata na cikin masu ba da shawara. Daga bakin majinyata ne likitoci suka gane cewa tilasta motsa jiki na iya kwantar da wasu kwana da kwanaki. Auna ƙarfi da hutu ya fi musu. Afirka ta Yamma ma ta ga irin wannan: bayan Ebola ta 2014 zuwa 2016, da yawa cikin waɗanda suka tsira a Laberiya da Saliyo sun daɗe da ciwon ido da na gaɓoɓi.

Wani sashe na wannan dabara bai buƙatar miliyoyi: likita ɗaya mai riƙe da ragama, littafin majinyaci ɗaya da kowa zai rubuta a ciki, da shugaban ma'aikata ko maigidan shago da zai sassauta aiki kafin ƙarfi ya dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.