Daga Gwadangaji Zuwa Yankari

Ran nan da la'asar muna zaune a ƙofar gida a Gwadangaji, sai na ce wa wani dattijo maƙwabcina, ni a ganina ya kamata kowane yaro, kafin ya fita firamare, a kai shi ya ga wani yanki na ƙasarsa, in da hali ma har dajin Yankari. Dattijon nan ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam! Mutum ya sayar da shinkafarsa ya miƙa wa direba kuɗin, don kawai yaro ya je kallon giwa? Ai ga ta nan cikin littafi." Na ce, "Baba, ai giwar littafi ba ta karya itace." Muka yi ta ja har aka kira magariba, shi bai yarda ba, ni kuwa ban saki ba. To, yara, ga abin da na dogara da shi, ku ji, ku auna da kanku.

Yankari na cikin Jihar Bauchi, can gabas da mu. Daga nan zuwa can ya haura kilomita 1,000, saboda haka ba tafiyar yini guda ba ce, sai an kwana a hanya. Waɗansu za su ce nisan nan shi ne aibin tafiyar. Ni kuwa ina ganin rabin amfaninta a nan yake, muddin matafiyi bai shiga mota ya kama barci ba.

Ku duba tun daga zangon fari. In mota ta bar Birnin Kebbi ta nufi Sakkwato, ba a jima ba sai ga Argungu. Yara nawa ne cikinku suka taɓa tsayawa a bakin Matan Fada? Nan ne ake yin gasar kamun kifi wadda sunanta ya zaga duniya. An soma ta a shekarar 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka nuna tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa ta ƙare. Masunta dubbai ke faɗawa ruwa lokaci guda, ba wanda ke riƙe da kome sai homa da gora, kowa na neman giwan ruwa mafi girma. A 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka taru kana aka ɗora shi bisa sikeli. A 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa bikin nan cikin jerin al'adun da duniya ke tattalinsu. Cikin gari akwai Gidan Tarihi na Kanta, wanda dā fadar sarki ce, aka buɗe shi ga jama'a a 1958. A ciki za ku ga masu da takubba da tambura na mazan jiya. Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo ganin waɗannan abubuwa, mu kuwa da ke maƙwabtaka da su sai mu wuce a guje muna cin gyaɗa. Wannan ai abin kunya ne.

Daga Argungu sai Sakkwato, inda Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, wanda ya rasu a 1817. Sa'an nan a miƙa gabas, a wuce Talata Mafara, a wuce Gusau. Gaba kaɗan da Gusau sai mai ido ya lura ƙasa ta sake kama. Mu mutanen kwarin Rima mun saba da fadama shimfiɗe, da yashi, da jan dutse. Amma nan sai ga Dutsen Kwatarkwashi ya tsaya a gefen hanya, baƙi ƙirin, sulɓi kamar an wanke, gari na kwance a gindinsa. Yaron da ya ɗaga kai ya dubi dutsen nan har hularsa ta nemi faɗuwa, ba ya sake tambayar malami ma'anar tsauni.

Funtuwa da Kano ba sai na tsaya a kansu ba, gama kowa ya ji labarin Dala da kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Inda nake so a taka birki shi ne Birnin Kudu, cikin Jihar Jigawa, domin mutane da yawa na ratsa garin ba su san abin da ke bayansa ba. Akwai waɗansu duwatsu a can, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda mutanen dā suka yi wa zane a jiki. Galibin zanen na shanu ne. Abin mamaki, shanun nan ba su da tozo, alhali namu na yau, ko jajaye ko farare, kowace da tozonta. Ashe ke nan an yi wani zamani da irin shanun da ake kiwo a ƙasar Hausa dabam suke da na yanzu. Akwai kuma duwatsun da in an ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙuge. Masana sun yi nazarin wurin a shekarun 1950. Ba littafin da zai iya sa muku amon nan a kunne.

Daga nan a bi ta Ningi a sauka Bauchi, garin Yakubu, inda kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wanda aka kashe a watan Janairu na 1966. A kwana. Da safe a kama hanyar Gombe, in an kai Dindima a karya kwana a yi kudu, har ƙofar daji a Mainamaji. Daga Bauchi zuwa masaukin baƙi na tsakiyar daji kimanin kilomita 110 ne.

An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, a 2006 kuma ya koma hannun Jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji ya ratsa ta tsakiyarsa. Lokacin da ya fi kyau a je shi ne da rani, tun daga sanyin hunturu har zuwa bazara, gama a sa'an nan ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, namun daji duk sun gangaro bakin kogi neman ruwa.

Kusa da masauki, in an sauka wani matakala mai tsawo, sai a iske abin da ake kira Wikki. Maɓuɓɓuga ce, ruwa na fitowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garai-garai, har mutum na iya ƙirga yatsun ƙafarsa bisa farin yashin da ke ƙasa. Itatuwa sun yi masa rumfa. Abin da ya sa ya yi suna, ruwan da ɗumi yake fitowa, digiri 31 a ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina. Jikin mutum digiri 37 ne, watau ruwan bai kai ya ƙona ba, ɗuminsa kamar na ruwan da uwa ke surka wa jariri. Ni na shige shi da asuba cikin hunturu, haƙorana na kaɗawa, da na nutsa sai na ji kamar an lulluɓe ni da bargo, ga tururi na tashi bisa ruwa.

Wa ke hura masa wuta? Ba kowa. Ikon Allah ne, ga kuma yadda abin yake. Cikin ƙasa da zafi, kuma gwargwadon zurfin da aka yi, gwargwadon ƙaruwar zafin. Ruwan sama yakan tsiyaya ta cikin dutse mai shan ruwa, ya yi ƙasa ƙwarai, ya ɗauki ɗumin da ke can, sa'an nan ya sami tsaga ya ɓullo. An ƙiyasta Wikki na zubar da lita miliyan 21 kowace rana zuwa cikin kogin Gaji. Ku ɗauki alli ku raba da jarka mai cin lita 25, za ku sami jarka 840,000. Ku tuna da wannan ran da aka aike ku rijiya.

Gargaɗi guda, kada ku sauka wanka ku bar guzuri a fili. Gwaggon biri ya yi yawa a masaukin nan, ba ya kuwa jin kunyar baƙo. Ni kaina na ajiye ƙullin ƙuli-ƙuli da burodi bisa dakali, kafin in juya wani ƙato ya sure, ya hau bisa rufi ya zauna yana kwancewa a hankali, yana dubana sai ka ce ni na zo roƙo.

Da hantsi ko da yamma akan shiga daji cikin buɗaɗɗiyar mota tare da ma'aikaci mai nuna hanya. Ba a sauka, ba a ihu. Akan ga ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da mugun dawa yana gudu da wutsiya a tsaye. A ruwa akwai dorina da kada. Tsuntsaye kuwa an ƙirga iri fiye da 350. Akwai kuma koguna 59 waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da tsofaffin rijiyoyi, da wuraren da aka narka tama, shaidar cewa dā akwai mutane a wurin. Giwa kam sai an yi sa'a. Wani ya kwana uku bai ga kome ba sai kashinta da rassan da ta kakkarya.

To, a nan ne maganata take. Me ya sa ganin giwa ya zama sai da sa'a a dajin da ya fi ko'ina suna da ita a Nijeriya? A 2006 an ƙirga giwayen Yankari daga jirgin sama, aka sami kusan 350. Bayan 'yan shekaru, masu kula da dajin suka ƙiyasta saura tsakanin 100 da 150. Maharba ne suka yi musu ɓarna saboda haure, ko da yake tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ga shi kuwa giwa ba akuya ba ce. Wata 22 take yi da ciki, ta haifi ɗa guda, sa'an nan ta shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Abin da bindiga ta kashe cikin dare ɗaya, sai a yi shekaru ba a mayar ba. Zaki ma saura 'yan kaɗan. Raƙumin dawa kuwa ya ƙare a dajin ƙaƙaf.

Kada ku zaci duk laifin na mugaye ne. Manomin da gonarsa ke bakin daji, in garken giwaye ya kwana cikin dawarsa, ya yi asarar abincin shekara, ba kuwa za ka ce masa ya so giwa ba sai ka share masa hawaye. Makiyayi ma na hangen ciyawa a ciki sa'ad da waje ya bushe. Sasanta waɗannan aiki ne mai wuya, yana bukatar shugabanni da alƙalai da ma'aikata masu kishin abin. Su wane ne za su zama waɗannan nan da shekara talatin? Ku ne. Wanda bai taɓa jin ƙasa ta girgiza ƙarƙashin tafiyar giwa ba kuwa, in aka kawo masa takardar neman a sare dajin, da wuya hannunsa ya yi rawa wajen sa hannu.

Abin kuma yana gyaruwa in an so. Ku dubi maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. A yankin Kure, tsakanin Dosso da Yamai, nan ne sauran raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 ba su fi 50 ba. Gwamnati ta hana harbinsu, mutanen ƙauyuka suka yarda su zauna tare da su, samari suka sami aikin nuna wa baƙi. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sai ga su sun haura 600.

Sai dai dattijon nan yana da gaskiya wuri biyu, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Na ɗaya kuɗi. Ba kowane uba ke iya biyan mota zuwa Bauchi ba. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar taro. In makaranta ta yi 'yar gona, iyaye suka yi karo-karo bayan girbi, hukumar ilmi ta taimaka da mota, ko ɗalibai goma aka kai a shekara sun dawo su ba sauran labari. Na biyu ya fi nauyi, watau tsaro. Shekaru ke nan 'yan fashin daji na damun matafiya a hanyoyin Zamfara da waɗansu wurare, kuma ba giwar da ta kai ran yaro guda daraja. Kada a ɗauki yara sai manya sun bincika sun tabbata hanya ta yi kyau, a yi tafiya da rana, a sauka kafin magariba. In hanya ba ta yi ba, a dakata. Amma dakatar da Yankari ba dalili ba ne na a zauna gida. Argungu na nan kusa, a je a dawo yini guda. Fadamar Rima ma na nan bayan gari, inda tsuntsayen ruwa ke sauka da rani, waɗansu tun daga Turai suka taso.

Da na kawo wa dattijon nan wannan, sai ya yi shiru yana jan casbi. Can ya ce, "Malam, Bauchi dai ban yarda ba tukuna. Amma in Argungu ce, sa sunan jikana. Ka ajiye mini wuri kusa da direba, gama ni ma rabona da Matan Fada tun ina saurayi."