Fosdok: tsani ne ko zaman jiran gawon shanu?

Akwai shawarar da ake yawan bai wa duk wanda ya kammala digirin digirgir a fannin tarihi, adabi, falsafa ko nazarin zamantakewa: ya nemi gurbin bincike na wucin gadi, wanda ake kira fosdok, kafin ya shiga koyarwa a jami'a. Ana faɗin haka kamar farilla ce. Ni ina ganin shawara ce mai haɗari idan aka ba da ita babu sharaɗi.

Tsarin ya fi ƙarfi ne a kimiyya, inda sabon dakta kan shiga ɗakin gwajin wani farfesa ya ƙara ƙwarewa. Masanin tarihi ba ɗakin gwaji yake buƙata ba, lokaci yake buƙata, domin ya mai da kundin digirinsa littafi. A manyan jami'o'in Amurka, wannan littafin ne kan sa a tabbatar da malami a aiki bayan kimanin shekara shida. Saboda haka ma'aunin fosdok a waɗannan fannoni ɗaya ne: wata nawa zai ba ka na rubutu?

Guraben kirki sun san da haka. Na British Academy da na gidauniyar Leverhulme a Birtaniya shekara uku-uku ne, haka ma na ƙungiyar matasan masana da Jami'ar Harvard ta kafa a 1933. Amma irin waɗannan kaɗan ne, masu nemansu kuwa tuli.

Abin da ya rage wa mafi yawa shi ne kwantiragin shekara ɗaya mai ɗauke da koyarwa. A Amurka ana buɗe neman aikin baɗi tun daga watan Satumba. Ke nan wanda ya sauka a watan Agusta, kafin ya gama kwance kayansa, ya koma rubuta takardun neman wani gurbin. Ya koyar, ya duba jarrabawa, ya tattara iyali zuwa wani gari, littafin yana nan a babi na biyu. Jami'a ta samu malami mai arha, ba ta ɗaure kanta da alƙawari ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba haɗari ba ne, tsari ne. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, guraben dindindin a tarihi da adabi sun ragu ƙwarai. Ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka, AAUP, ta nuna cewa a 2021 kimanin kashi 68 cikin ɗari na malamai ba su kan turbar aikin dindindin, alhali a 1987 kashi 47 ne.

Masu kare tsarin za su ce yana buɗe ƙofofi, yana haɗa mutum da manyan masana. Gaskiya ne. Za su kuma ce da babu gara ba daɗi. Wannan karin maganar ce jarin duk mai son ya ci gumin wani.

A Nijeriya matsalar ta juya baya. Sabon dakta da ya samu aiki yakan tarar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai da tarin ayyukan sashe, kundinsa ya tsufa a kan kanta. Shirin African Humanities Program, da gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyinsa daga 2008 a Nijeriya, Ghana, Tanzaniya, Yuganda da Afirka ta Kudu, ya gane wannan: ya saya wa malami shekara guda ta rubutu, kujerarsa tana jiransa. Shekara ɗaya mai makoma daban take da shekara ɗaya a kan titi.

Don haka, mai karatu, kafin ka sa hannu ka yi tambaya uku. Shekara nawa ne? Darasi nawa zan koyar? Ina zan koma idan ya ƙare? Idan kana da aikin dindindin, ka nemi hutun bincike, kada ka saki reshe ka kama ganye saboda sunan wata jami'ar waje. Su kuma shugabannin jami'o'inmu, idan da gaske suna son littattafai daga malamansu, su sauke musu kaya na shekara guda.