Suna Linzami Ne: Abin Da Ya Faru A Kanada

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Kanada, inda aka daɗe ana ja-in-ja a kan abin da mu nan muke yanka wa rago ran bakwai, watau suna.

Tun kafin zuwan Turawa akwai 'yan asalin ƙasar, kowace al'umma da harshenta da sunayenta. Gwamnati tare da coci-coci suka kafa makarantun kwana, aka raba yara wajen 150,000 da iyayensu. Da zarar yaro ya shiga, sai a hana shi magana da harshensu, a laƙaba masa sunan Turawa, wani ma da lamba ake kiransa. Ba a rufe ta ƙarshe ba sai cikin shekarun 1990. Mutanen Inuwit na can arewa kuwa, daga 1941 aka riƙa ba kowannensu wani ɗan faifai mai lamba ya rataya a wuya, domin ma'aikata sun kasa rubuta sunayensu.

A cikin 2015 Hukumar Gaskiya da Sulhu ta ƙasar ta ba da shawarwari 94. Ta 17 ta nemi a bar waɗanda aka sake wa suna, da iyalansu, su komo da sunayensu na asali a takardar haihuwa da fasfo da lasin tuƙi, ba tare da biyan kuɗi ba har shekara 5. Sai a watan Yuni 1921 da ɗari, watau 2021, Gwamnatin Tarayya ta buɗe wannan ƙofa game da fasfo da takardar zama ɗan ƙasa.

To, amma da sauran rina a kaba. Harsunan nan suna da baƙaƙen da babu su a Ingilishi ko Faransanci, na'urar da ke karanta fasfo a filin jirgi kuwa baƙaƙen Romawa zalla ta sani. A nan maganar ta shafe mu. Ɗanjuma da Ɗanladi su duba fasfonsu, su gani ko lanƙwasar nan ta kan harafin farko tana nan.

Lalle Kanada ta makara, amma ta amsa cewa hukuma ba ta da ikon raɗa wa ɗan wani suna. Aikinta shi ne ta rubuta wanda iyaye suka raɗa, ta kuma rubuta shi daidai. Ya kamata hukumominmu masu ba da katin ɗan ƙasa da fasfo su ɗauki wannan darasi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.